Jigidata da Mutanen Jamarik

Ko zan manta da sunayen jikokina (kuma nakan manta, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in dace da wanda nake kira), ba zan taɓa mantawa da ranar da muka sauka daga jirgin ruwa a Sawakin ni da surukina ba. Har yau in zancen ya faɗo mini a rai ina tsakar aiki, sai in ji zufa ta karyo mini tun daga ƙeya.

Bari in fara da ciwona. Kowace mace a garinmu da nata. Wata lalle, wata haɗa turare, wata kuma bin gidaje da labari. Ni nawa duwatsun ado ne, ƙananan nan masu launi da muke kira suksuk. Da su nake yi wa wigaya ado, gammon nan da ake ɗora tulun jabana, wato gahawa, a kai, da su nake yi wa faifai baki, har kwalbar turare nakan ɗinka wa riga. Ba sayarwa nake yi ba. Malam, maigidana, ya ce da sayarwa nake da ya gane kan abin. In na gama aikin gida na zauna a rumfa da tire a cinya da allura a hannu, to ko cewa aka yi ruwa ya ɓalle a hawasha, wato gona, ya cinye audugarmu, sai na kai ƙarshen layi zan tashi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne suksuk ɗin kasuwar Sinja. Wanki kaɗan ya koɗe, ja ya koma kalar kogi da damina, ki rasa fure kika zana ko kwaɗo.

Shekarar da Allah ya kira ni Umra, kafin ƙasar ta rikice, da ayarin matan garinmu na tafi. Malam bai je ba, lokacin tsinkar auduga ne. A Jidda kuwa akwai surukina, mijin ɗiyata ta fari, yana aiki a shagon kayan mota, ita tana gida da yara. Ba zan faɗi sunansa ba, nata ma ba na faɗi. Baban Muhannad muke ce masa. Tun da ya auri yarinyar ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni kuma in juya wajen bango in amsa. Wallahi na fi sanin takalminsa da fuskarsa. Shi kuma bawan Allah yana ɗaukata wata babbar mace mai natsuwa, har yakan ce wa ɗiyata ta riƙa koyi da ni (ita da ta san ni sai ta yi shiru).

Muna gama Umra sai hutunsa ya kama. Aka yi ta waya tsakaninsa da Malam, aka yanke cewa in bar ayari su wuce, in ɗan huta a gidan dangi, mu dawo tare ta jirgin ruwa. Na ce wa Malam a waya, “Ni da suruki? Mu biyu?” Ya ce, “Muharraminki ne, shari’a ta yarda.” Na ce, “To Malam, shari’a ta yarda, amma da wane baki zan ce mishi ina son kewayawa?” Ya ce kati zai ƙare, ya kashe.

Dole muka nemo hanyar magana. Shi sai ya dubi sama ya ce, “Ko mutane sun ci abinci?” Ni kuma in dubi shantata, jakar kayana, in ce, “Mutane sun ƙoshi.” Haka muka yi ta yi, shi da silin, ni da jaka.

Wata safiya ya zo gidan da na sauka, ya ajiye ambulan ɗin kuɗi a gefen tabarma, ya ce wa fanka, “A sayi dabino da sallaya na tsaraba.” Sai wata ’yar Damazin da muka sauka gida ɗaya, Hajja Batul, ta ce ta raka ni kasuwa. Ita ’yar kasuwa ce, jirgin nan ya zama mata kamar jakin gidansu. Da niyyar dabino na fita, Allah shaida ne. Muna ratsa wani lungu a tsohuwar kasuwa sai na ga shago, daga ƙasa har sama kwalabe ne, kowace cike da duwatsu. Na gilashi, ba na roba ba. Akwai ƙanana kamar gero, akwai manya kamar wake. Kore iri-iri, shuɗi mai ruwan sama, ruwan hoda, ruwan zinariya. Mai shagon ya ce daga ƙasashen Turai da Indiya ake kawo su, ya jefa kaɗan cikin kofin ruwan zafi don in gani, ko gezau. Ni dai ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Da muka fito, dabinon da na saya ko yaran gidanmu ba zai zagaya ba. Sallaya kuwa na ce ai kowa yana da ita.

Sai da na dawo masauki na zazzage kayan a kan gado hankalina ya dawo jikina, na tuna da jamarik, wato kwastan. Wata maƙwabciyata ta taɓa dawowa da tulin tufafi, ta ba mu labarin yadda ake ɗora shanta a kan tebur a buɗe a gaban kowa, a ɗaga kaya ɗai-ɗai, abin da ya yi kama da na ciniki a yanka masa kuɗi. Biyan bai tsorata ni kamar buɗewar ba. Baban Muhannad zai tsaya a gefe, ya ga inda kuɗin dabinonsa ya shiga, sannan ya sake sa hannu a aljihu ya biya wa kayan wasan tsohuwa haraji. Daga ranar kuma in ya ce wa ɗiyata ta yi koyi da ni, da me za ta yi koyi?

Ku lura, mutumin nan duk shekara yana wucewa ta jamarik. Tambaya ɗaya zan yi masa, ko ta hannun fanka ne, magana ta ƙare. Ban iya ba. Hajja Batul na tambaya.

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, “Ke Hajja, mi kike tsoro? Abin da ke jikinki naki na. Su shanta suka sani, ba su taɓa jiki.” Ta zare hannun riga ta nuna mini awarwaro reras. Yanzu na gane ita ɗan abin hannu take nufi, ko tob, mayafin nan namu, ɗaya a kan wani. Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske har ƙarshenta.

Na wuni ina zura duwatsu a zare. A gida zaren masunta nake amfani da shi, wanda ko ƙaton kifi ba ya tsinkawa, amma a can zaren ɗinki kaɗai na samu, sai na ninka shi na ce Allah ya tsare. Da farko na yi tunanin ratayawa a wuya, sai na ga tsohuwa daga Ɗakin Allah da sarƙoƙi kamar amaryar jiya, kuma a gaban suruki. Wuri ɗaya ya rage wanda ba mai gani. Rabona da jigida tun ina goyon fari, amma ranar tafiya na naɗa, na naɗa, na sake naɗawa, tun daga ƙugu har kusan haƙarƙari. Na kawo tsohon ɗankwali na ɗaure a kai don kada su yi ƙara, na sa riga, na yafa tob. Da na miƙe sai na ji kamar na goya ɗan maraƙi ta gaba da ta baya.

A cikin jirgi abin ya fara nuna hali. Ruku’u ya gagara, sai a zaune nake salla. In na jingina, manyan su soke ni a baya. In zan yi tafiya sai na ware ƙafa, hannu ɗaya a ƙugu. Ashe bawan Allah yana lura.

Ya ce wa teku, “Kamar mutane ba su jin daɗi.”

Na ce wa shanta, “Mutane lafiya lau.”

Ya ce, “Riƙon baya irin wanga ƙoda ce. Mai shagonmu haka ya fara. Likita ya ce ruwa, ruwa, ruwa.”

Ya tafi ya dawo da gorunan ruwa ya jera a gefena, ya ja baya ya juya kai don in samu sakewa in sha. To suruki ya kawo miki abu da hannunsa, ki ƙi? Na sha. Ina ajiye gora ya turo wata da ƙafa, idonsa na kan teku. Na sha ita ma. Ciki ya yi ta tashi, zare ya yi ta matsewa, har na fara jin bugun zuciyata a ƙugu.

Da hantsi muka sauka Sawakin. Zafin bakin teku ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi kamar an kifa masa tukunya. Aka kora mu wani ƙaton zaure, layi har ƙofa, kwalaye da firji da katifu da yara na kuka. Na ce a raina, madalla, cikin taron nan wa zai kula da wata tsohuwa? Na laɓe a bayan wata mai ƙiba.

Ban ankara ba sai na hango takalmin Baban Muhannad ya nufi teburin gaba. Na ji muryarsa, shi da ko a gida ba ya ɗaga murya, yana ce wa jami’in, “Don Allah, mahaifiyata ba ta da lafiya, ƙoda ce, ba ta iya tsayuwa.” Nan take layi ya dare biyu. “Salamtik ya Hajja.” “Allah ya ba da lafiya, Hajja.” “Ku ba ta hanya!” Ni da na zo in ɓuya, sai ga ni ina tafiya a tsakiyar zaure a ware, kowa na yi mini addu’a. Aka kawo kujera irin ta saƙar igiyar roba, gajera, wadda in ka zauna sai gwiwa ta kusa taɓa haɓa.

Ya ce wa rufin zaure, “Mutane su zauna.”

Na zauna. Na ji tas! a bayana, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Sai kuma wata tas. Na ji abu yana sulalewa a hankali yana taruwa cikin ɗankwalin. Na daina numfashi.

Jami’in, wani dogo mai furfura a gefen kai, ya buɗe shantata. Ya ɗaga tufafina, ya ga ɗan dabinon nan a ƙulle a leda, ya girgiza kai ya ce, “Masha Allah. Ka ga waɗanda ibada ta kai. Wasu da firji suke dawowa, Hajja da dabino.” Baban Muhannad ya ce, “Haka take.” Har da jin daɗi a muryarsa. Jami’in ya ja alli a jikin shanta ya ce mu wuce, Allah ya karɓa.

Kun ji fa. Na tsira. Abin da ya rage kawai in miƙe in taka zuwa ƙofa.

Na dafa hannun kujera na yunƙura. Ƙullin ɗankwali, da zufa ta jiƙa shi tun safe, ya zame.

Kun san ƙarar ruwan farko a kan rufin kwano? To haka. Daga ƙarƙashin tob ɗina suka zubo, shaaa, a kan dandamalin siminti, suna tsalle, suna gangarawa gabas da yamma. Kore ya bi ƙarƙashin tebur, ruwan hoda ya nufi ƙofa. Na matse ƙafa, suka ƙara gudu. Wani ɗan dako da kwali a ka ya taka, ya yi rawar da ban taɓa gani ba ko a gidan biki, ya zauna daɓas, kwalin na kansa bai faɗi ba. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ’yan ƙarshen da ke ɗigowa ɗai-ɗai, tik, tik, kamar famfon da bai rufu ba.

Sai wata murya daga baya, ta wata tsohuwa da ban ga fuskarta ba (kuma na yafe mata, amma da ƙyar), ta ce, “Wallahi tsakuwar ƙodar Hajja har da launi.”

Zaure ya fashe.

Wata jami’a ta kama hannuna ta kai ni bayan labule. Yarinya ce sa’ar ɗiyata. Ta ɗaga riga ta ga sauran, ta ce, “Ya Hajja! Da wannan kika ƙetare teku?” Ta kama bakin zare ta ce in riƙa juyawa. Na yi ta juyawa kamar mazari tana warwarewa, tana dariya har hawaye, tana cewa, “Malesh, yi haƙuri, ba ke nake yi wa ba.” To wa take yi wa? Ta tattaro su a hannu biyu, da ɗuminsu, ta fito ta zube a kan tebur, daidai gaban surukina.

Babu babba a zauren nan da bai san abin da mace ke ɗaurawa a ƙugu ba, da wanda ake ɗaura wa. Na ja tob na rufe fuska, ido ɗaya kawai na bari. Ranar ce na fara ganin fuskar Baban Muhannad sosai. Ashe yana da ɗan tabo a goshi. Kallon fanka yake yi kamar zai haddace ta.

Jami’in ya ɗaga zare ɗaya da bakin biro ya ce, “Ya ustaz, wannan mene ne?”

Sai Baban Muhannad ya ce, “Carbi ne.”

“Carbi?”

“Alfiya ce, irin mai dubun nan. Inna tana da wuridi da yawa.”

“A ƙugu?”

“Don kada ya ɓace a jirgi.”

Jami’in ya ciji leɓe. Ya ɗago wani zaren ya ce, “Ruwan hoda? Da na zinariya?”

Bawan Allah, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, “Kowane launi da wuridinsa.”

Mutumin da ɗiyata ke ƙorafin ko farashin tumatir ba ya iya ƙara wa gishiri, shi ne ya tsaya gaban hukuma yana shirga wannan saboda ni. Na ji kamar in bi duwatsun nan ƙarƙashin tebur.

Jami’in ya juyo gare ni ya sassauta murya. Ya ce, “Hajja, tsakaninki da Allah, na sayarwa ne?” Na ce wa teburin, “Wigaya nake yi da su. Na gida.” Sai ya kwashe da dariya ya ce, “Ciwon mahaifiyata ke nan! Gidanmu ko rimot yana da riga. Hajja, da a shanta kika zuba su, da na duba na ja alli kin wuce. Masu kwalaye na ciniki muke nema, ba mai wigaya ba.” Ya dubi surukina, ya dube ni, ya ce, “Amma tunda ustaz ya ce carbi ne, ni ba zan ƙaryata ustaz ba. Ga harajina: ki ja wa mahaifiyata addu’a, ƙafa ke damunta.” Ya miƙo mini zare ɗaya, ruwan hoda.

In ƙi, na ƙaryata surukina a gaban jama’a. Na karɓa. Na tsaya a tsakiyar jamarik ina jan jigidata da yatsa, ina roƙa wa wata baiwar Allah da ban sani ba lafiyar gwiwa, zaure guda na cewa amin, har da ɗan dakon da ke zaune a ƙasa. Amin ɗin Baban Muhannad ta fi ta kowa ƙarfi, idonsa na sama.

Ban gama shan kunya ba. Ina juyowa na gan shi a durƙushe, ya cire hularsa yana tsince waɗanda suka watse yana zubawa a ciki. Mutane suka taya shi, wannan ya miƙo kore, wancan ya miƙo shuɗi. Hula ta cika. Ya miƙe da ita a hannu ya rasa yadda zai yi, ba ya iya miƙo mini, ba ya iya mayarwa a ka. Daga ƙarshe ya ɗora ta a kan shantata a hankali kamar ƙwai, ya yi gaba da kai a buɗe.

Tafiyar bas daga bakin teku zuwa gida doguwa ce, wanda ya yi ta ya sani. Duk tsawonta ko fanka ba a yi wa magana ba. Sai da muka hango Makwar, inda madatsar kogi take, ruwa ya bayyana, na ji ƙamshin ƙasarmu, sannan ya yi gyaran murya ya ce wa taga, “Mutane ba su ga komai ba.” Na ce wa bayan kujera, “Allah ya yi wa mutane albarka.”

Hutunsa ya ƙare ya koma. Bayan ’yan watanni sai ga ɗiyata ta shigo da ƙunshi, wani matafiyi ya kawo daga Jidda. Na buɗe, duwatsu ne, irin na shagon nan, har da launin da ban samu ba. Ta ce, “Inna, ya ce a gaya miki an nuna wa jamarik sun gani, ki ɗauka da hannu. Mi yake nufi? Da da mi za ki ɗauka?”

Nan na gane ko matarsa bai gaya wa ba. Asirina ya rufu ruf. Jami’in yana can bakin teku, tsohuwar mai bakin nan Allah kaɗai ya san garinsu, shi kuma ya haɗiye. Abin da ya rage mini in ce, “Oho, wa ya san zancen maza,” magana ta mutu har abada.

Na dubi ɗiyata, na dubi ƙofa. Na ce, “Ke, turo ƙyauren nan, jawo kujera. Amma kada ki gaya wa kowa.”

Ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa. Maƙwabciya ta jiyo ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya, na ga bai kamata a bar ta a tsaye ba, na sake farowa daga shagon. Kafin la’asar na ba da labarin har na fara ƙara masa abin da bai faru ba. Malam a bakin masallaci ya ji, ya shigo yana tambayata wace ɗariƙa na shiga ban sanar da shi ba.

Abin da na koya dai, tambayar da kunya ta hana ki yi wa mutum ɗaya a zaune, sai kin amsa ta a tsaye gaban zaure guda. In kuma Allah ya ba ki surukin da zai yi ƙarya don ya rufa miki asiri, ki roƙa a haɗa miki da baki irin nasa. Ni na roƙa, har yau ba a amsa ba, ga shi ku ma kun ji.